Inda Otar Yake Tsayawa

Ran Litinin za a rushe gidan.
Tsiala ta ƙirgo mini lari arba'in,
ta ce in kwaso mata shi a takarda
kafin katafila ta shigo layin.

Na fara da gilashi mai milimita sha shida,
sarkin haɗama, ba ya rage komai a kwano.
Na tsaya bakin ƙofa, na ɗaga kai,
sai gidan ya jingina da baya
kamar wanda aka yi wa mugun albishir.
Ƙofa ta yi tumbi,
barandar katako ta hawa na uku
ta tsuke kamar kwalin ashana.
Har kwandon shara ya samu sarauta,
ya fi tagar ɗakin da ta haifi Nodar.

Ta duba, ta taɓe baki.
"Wannan gida gudu yake yi, yaro.
Nawa bai taɓa gudun kowa ba."

Na haye gadar kogin Mtkvari,
na ɗaura na ɗari biyu, dogo, mai karya wuya.
Daga can bango ya miƙe sak,
amma tazara ta mutu.
Dutsen da ke tafiyar sa'a guda
ya zo ya kwanta a bayan rufi.
Benen bankin nan na gilashi
ya rungumi bututun hayaƙi kamar ɗan'uwa.
An goge unguwar kamar riga,
ba lungu, ba kwana.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Sayar wa baƙi.
Ina matakala sittin da biyu
da suka cinye mini gwiwa?"

Saura na hamsin a gindin jaka,
tsoho, gefensa duk ya kuje.
Ba ya ƙari, ba ya ragi,
sai dai layin ya yi masa kaɗan.
Na ja da baya, na ja da baya,
har kafaɗata ta bugi bangon mai burodi,
gidan bai shiga duka ba.
Rufi ya fita. Rabin hagu ya fita.
Na ce, "Kaka, wannan ba zai yiwu ba."

Ta kama hannun rigata,
ta ja ni taku huɗu, gindin itacen inabi.
"Nan Otar yake tsayawa ya yi fito
lokacin da babana ke da rai da sanda.
Danna."

Abin da ya fito:
ƙofa shuɗiya, lambarta ta karkace,
taga biyu,
igiyar shanya da safa ɗaya,
da gefen baranda, daidai inda hannu ke dafawa
har fenti ya gaji ya bar wurin.

Ta daɗe tana kallo.
Ba ta ce ya yi ba.
Ta dai sa shi a jaka, tsakanin magani da makulli,
ta tambaye ni ko na ci abinci.