Da Zafi Fa

A jirgin fiton Santambul nake sayar da shayi,
daga Kadikoy zuwa Eminonu, minti ashirin,
in kai, in komo, har rana ta faɗa ruwa.
Faranti a tafin hannu, kofi goma sha biyu,
igiyar ruwa ba ta taɓa sa na zubar da ɗigo ba.

Nergis takan zauna ta hagu,
jikin tagar nan da ta tsage,
akwatin goge a kan cinya,
sukari ɗaya a kofi, ɗayan ta jefa aljihu.
Wata goma sha huɗu ina kai mata,
wata goma sha huɗu iyakar abin da na iya:
"Da zafi fa."

Ba maganar ce babu ba.
Kullum dare sai na wanke ta, na goge, na kife
tare da kofuna.
Na gwada ta a kan tsuntsayen teku,
suka cafe gutsuren burodi suka yi gaba.
Amma da na iso gabanta
sai harshe ya zama dutse,
ya nutse,
in tsaya ina lissafin canjin da na riga na sani.

Tsoho Ruhi mai ɗaure igiya ya ce,
"Tayfun, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.
In ta ce a'a, teku zai ƙafe?"
Na ce, ba a'ar nake tsoro ba, Baba,
washegarinta:
in ɗauko kofi in tsaya,
ta kau da ido don ta rage mini kunya.
Ɗan abin da nake da shi minti ashirin ne,
amma nawa ne.
Ya tofar da yawu a ruwa, ya ja igiyarsa.

Ran Talata, ana yayyafi,
tana miƙo kuɗi ta ce,
"Daga Litinin jirgin ƙasa zan riƙa bi,
ta ƙarƙashin teku. Ya fi sauri."
Na ce, "Haka ne, ya fi sauri."
Ji wawa.

Laraba ta wuce, na kai shayi.
Alhamis ta wuce, na kai shayi.
Juma'a, da hasumiyoyi suka fara fitowa daga hazo,
na ajiye faranti a kan benci,
abin da ban taɓa yi ba,
hannuwana suka rasa inda za su sa kansu.
Na buɗe baki, na faɗa,
daidai lokacin jirgi ya busa ƙaho.

"Me ka ce?"

Ga ƙofa a buɗe, ta gudu.
"Da zafi fa" na nan a bakin leɓe, tana jira,
ba wanda zai taɓa sani.
Na haɗiye ta.
Na maimaita da ƙarfi,
har wata tsohuwa ta daina ɓare lemo:
"Akwai mai gasa kifi a gindin gadar Galata.
Ran Asabar, in kina so, mu je."

Ta dubi kofinta.
"Asabar nake kai mahaifina asibiti."

To, ga ta nan, ta zo.
Na tsaya ina jiran ƙasa ta tsage,
na manta a kan ruwa muke.
Gwiwa ba ta sage ba. Numfashi na shiga yana fita.
Teku na nan cike, kamar yadda Ruhi ya ce.
Ashe iyakar girmanta ke nan,
abin da na yi wa dakon wata goma sha huɗu.
Na ce, "Allah ya ba shi lafiya,"
na ɗauki farantina, na juya.

"Lahadi fa?"

Kofi goma sha ɗaya suka rage a farantin.
Bakwai suka tafi a kan takalmin wani ma'aikacin banki.
Yana zagi, ina ba da haƙuri,
tsohuwar na dariya da lemo a baki,
Nergis ta sa hannu a aljihu
ta miƙo mini sukari ɗaya,
ta ce, "Yi a hankali. Da zafi fa."