Riga Ɗaya, Jiki Uku

Ƙarfe biyun dare a Gangare.
Sanyin Jos ya biyo ta ƙasan ƙofa ya kwanta a yatsuna.
Baƙin allo a gabana,
ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran in yi magana.

Ni da shi mun saba.
Kalma huɗu nake bugawa,
ya tattaro lissafin dankalin wata guda,
buhunan Bokkos daban, na Mangu daban.
Ba gaisuwa tsakaninmu,
bai taɓa tambayata ko na tabbata ba.

Amma Lantana ta Farin Gada,
mai riƙe da littafin 'yan kayan gwari,
kallo ɗaya ta yi masa ta ja kujera baya:
"Wannan ai rijiya ce, Ɗanjuma.
Ba na jefa guga inda ban hango ruwa ba."

Mahaifina tela ne a Kwararafa.
Shi ya ce mini ba a yanka yadi sai an ga mai shi.
Na manta.
Na ɗauki umarnin nan tsirara na ɗinka masa riga:
maɓalli na zaɓen takarda,
maɓalli na farawa,
da wani ja ƙarami, na mai son janye ƙafa.

A Linuks ɗina ta zauna ɗas,
har na miƙe na dafa shayi.

Da na kai ta Windos ɗin Lantana
sai ta kama a hammata.
Sandar da ke raba hanya, nan gaba take jingina,
can kuwa baya ta karkata.
Takardar da ta sa wa suna Kuɗin Ɗauko
ta fito da akwati biyu a gurbin ƙugiya,
na'ura ta rantse babu wannan suna a duniya.
Kwana uku ina roƙon baƙuwa
ta yarda cewa ɗ ma harafi ce.

Kangyang mai binciken kuɗi, can Rayfield,
Mak take riƙewa.
Shi ko gwada rigar bai yi ba,
ya tsaya a bakin ƙofa ya ce bai san telan ba,
a kawo shaida, kuma shaidar da dala ake yanka ta.
Da ya buɗe daga baya,
"To" da "A'a" sun yi musayar wurin zama,
Kangyang ta danna inda hannunta ya saba
ta soke aikin rabin awa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Koren layin nan mai rarrafe,
mai cewa saura kaɗan,
bai san komai ba.
Na ƙasa ba ya magana sai ya gama,
ni na sa na sama ya riƙa motsi
don kada Lantana ta zare waya ta ce ya mutu.
Allah ya yafe mini wannan ɗan layi.

Ranar Litinin, ruwa na dukan kwano,
warin albasa ya cika ofis,
ta danna sau biyu.
Takarda ta fito da ɗumi.
Ta bi ta da yatsa, Bokkos, Mangu, jimla,
ta ce, "Au, ashe abin ba wuya."

Mako biyar nawa
suka shige cikin wannan magana suka ɓace.
Ban ce komai ba.
Baba ma haka yake yi
in an yaba riga ba a ga ɗinki ba.

Ina naɗe waya zan tafi
sai jikarta Hajjo, 'yar aji shida,
ta riƙe mini hannun riga:
"In an danna, wa yake yin aikin a ciki?"

Na dubi agogo, na dubi ruwan sama.
Na ajiye jaka.
Na buɗe mata baƙin allon.
Ɗigon ya ƙifta,
ita ma ta ƙifta,
ta jawo kujerar da kakarta ta ture.