Mai Raɗa a Gindin Ginshiƙi

Sunana Argiro.
Bazara goma sha tara ina zama a gindin karyayyen ginshiƙi
a tsohon dandalin dutse na tsibirinmu,
takarda a cinya, 'yar tocila a hannu.
Aikina raɗa. Wanda magana ta kuɓuce wa, in jefa masa.

Na san ƙarshen kowa tun bai shafa hoda ba.

Lambros mahauci ne sarkinmu.
Da rana yana rataye cinyar rago,
da dare ya yafa jan mayafi ya hau tudu.
Boka ya riga ya gaya masa:
jirgin da ke tafe daren nan, ajalin sarautarka ya ɗauko.
Sai ya sa a kashe wutar da ke nuna wa jirage hanya.
Jirgi ya daki dutse.
'Yarsa tana ciki.
Jama'a su share hawaye, su ce rubutacce ne,
su kakkaɓe mazaunai, su gangara shan giya bakin ruwa.

Bara, daren Asabar, ya ɗaga hannu
bakinsa ya ƙi buɗuwa.
Gyare kaɗai ke kuka a cikin zaitun.
Ya san maganar kamar sunansa,
na ga haka a yadda ya ƙi duban inda nake.
Cikin wannan shiru yarinya tana da rai,
gashinta a bushe,
wuta na ci a kan tudu,
kalma uku kuma na kwance a kan harshena.
Na ƙirga har bakwai.
Na ce: ku kashe wutar.
Ya maimaita da ƙarfi. Aka kashe.

Fotini mai ɗinkin kayan wasa ta dafa ni:
ke mene ne naki? Takarda ce ta ce.

Irin maganar da aka yi mini ke nan
shekarar da ƙanena Zisis ya kwance kwalekwalensa da asuba.
Na ji a rediyo iska za ta juyo daga arewa.
Amma mun kwana da faɗa kan gonar mahaifinmu,
kan itace goma sha ɗaya da rijiya guda.
Ya tsaya a ƙofa ya ce, na tafi.
Ina kankare tukunya. Ban juyo ba.

Fada Nektariyos ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Na karɓa hannu biyu,
magana ce mai laushi, ana iya yin matashi da ita.
Wataƙila ko na faɗa, da ya yi tsaki ya tafi,
taurin kansa gado ne.
Sai dai iska ta teku ce, ranar ta Ubangiji,
bakin da ya yi gum kuwa nawa ne,
da shi nake cin abinci har yau.

An fara gwajin wasan bana.
Jiya na je sayen nama,
Lambros ya aza tsoka a sikeli, idonsa kan allura, ya ce:
me ya sa kika raɗa?
Na ce: kai me ya sa ka maimaita?
Ya naɗe naman a takarda,
ya ƙara mini ƙashi ɗaya, na kare.