Haƙurin Mai

Fijon ubana ce, ta girme ni da shekara shida,
mai buɗaɗɗen baya, shuɗinta ya koɗe.
Bara na kai ta garejin Barmu a Sabon Gari,
aka sauke kulasi, aka goge fuskarsa
har kaurin farce ya tafi,
aka zura mata sababbin fistan.
Ta tashi da ƙarfin da ban san ta da shi ba.
Kwana tara ina murna.

Ran na goma, da buhun albasa sha biyu a baya,
a ɗan hawan nan na hanyar Mirriya, rana tsaka,
na taka, sai na ji
ƙis-ƙis-ƙis,
kamar yaro na kaɗa tsakuwa a gwangwanin tumatir.
In na saki ta yi shiru.
In na taka ta dawo.

Barmu bai taɓa ko ƙusa ba.
Ya shiga gefena, muka hau hanyar Tanut,
ya rufe ido kamar mai jin karatu.
Can ya ce, «Kyari, ina ka sha mai?»
Na ce wurin ƴan ruwa-ruwa, bakin Kasuwar Dole,
kwalbarsu ta fi sauƙi da dala goma.
Ya buɗe tanki, ya sansana, ya tofar.
«Har da kalanzir a ciki.

Ɗakin nan mun rage masa rufi, matsi ya ƙaru.
Mai kuwa iri-iri ne, kamar mu.
Akwai wanda ko an matse shi
sai ya jira buji ya kira sunansa.
Akwai wanda tun ba a kira ba ya fashe.
Fistan na hawa, wuta na saukowa,
su yi karo a ƙofa kamar raguna biyu.
Ƙarar da kake ji ke nan.
Masu boko na ce masa oktan,
ni haƙuri nake ce masa.
Da can ta ci kowane tuwo,
yanzu mun canja mata ciki.»

Ya sassauta dalko, ya murɗa shi baya kaɗan,
kaurin ƙwayar gero,
don wuta ta ɗan makara.
Ya sa buji mai sanyin kai,
ya wanke radiyato har ruwan ya fito fari.
«In hawa ya zo da kaya, sauko giya,
kada ka sa tsohuwa ta hau tudu a tsugune.
In ka ƙi, wata rana za ka kawo mini fistan
da huda a ka, kamar an ɗiga masa dalma.»

Yanzu famfo nake bi, ina duba lamba,
ina biyan dala goman nan da haƙorana a cije.
Ɗan kwalbar da na saba da shi, Lawali,
yana ɗaga mini hannu, ina ɗaga masa, in wuce.

Jiya na sake hawan Mirriya da rana tsaka.
Na kashe rediyo, na sauko giya, na kasa kunne.
Ba tsakuwa, ba gwangwani,
sai numfashinta, dogo,
irin na ubana in ya ci ya ƙoshi
ya kishingiɗa a zaure.