Kifin da Ba Na Miya Ba

Da kuɗin sallamata daga masaƙar Sharaɗa na saye shi,
a wani lungu na Sabon Gari,
cikin leda ɗaure da kyauro, bai fi tafin hannuna ba.
Mai shagon ya ce sunansa arowana.
Na yi ta bitar sunan a cikin adaidaita
don kar ya zube mini kafin Ɗorayi.

Tabawa ta ɗaga ledar, ta dube ni:
"Wannan ko man suyarsa ba zai biya ba."
Na ce ba na suya ba ne.
Ta ce, "To na mene ne?"
Shekara uku ke nan ban gama ba ta amsa ba.

Yau ya kai kamu guda har da ɗoriya.
Sau biyu Tasi'u mai gilashi yana faɗaɗa masa ɗaki,
ni kuwa ina nan a wanda na gada.
Jikinsa kamar tsofaffin sulalla
da aka goge da tsamiya aka jera,
gemu sili biyu a leɓen ƙasa,
baki a ɗage kamar mai jiran magana daga rufi.
Ba ya gaggawa.
Ya je bango, ya karya kwana, ya dawo,
yadda zare yake kai da komo
a injin da na tsaya wa shekara ashirin da shida.

Jikokina sun mai da ni kasuwa:
gyare biyar, naira hamsin, kuma ba bashi.
Mai garuwa ya san jarka huɗu na kifi ne,
sai ruwan ya kwana biyu kafin ya sadu da shi.
A kan murfin akwai bulo,
tun ranar da ya yi tsalle ya bi ƙadangare
na tsince shi a ƙarƙashin kujera yana shure-shure.

Lawandi, wanda ya tsufa da koma a kogin Wudil,
ya tsuguna gabansa har ƙafa ta yi sanyi.
Ya ce, "Ai ɗan'uwan bargi ne,
boko kawai ya yi."
Na ce an ce mini a danginsu
uba ne ke goyon ƙwai a baki,
makonni ba ci, ba buɗe baki.
Lawandi ya yi shiru. Ni ma na yi.
Kowa da uban da ya tuna.

Sai wani dare a tsakiyar bazara,
taransifomar layinmu ta ƙone,
batirin sola ya cika da ƙarfe biyu.
Kumfar nan da ke tashi kullum ta tsaya cik,
falo ya yi tsit, har na ji agogo.
Na haska tocila:
ga shi a saman ruwa, yana haki irin na tsoho a matakala.

Na ɗauko kofi.
In ɗebo, in ɗaga, in kwararo,
in ɗebo, in ɗaga, in kwararo,
kamar mai shayin da ba shi da ciniki sai mutum ɗaya.
Zufa ta jiƙa mini singileti,
kafaɗa ta fara ba ni haƙuri.

Ban ji tahowarta ba.
Ludayin miya na gani ya ratso hasken.
"Matsa, ba ka iya ba. Daga sama ake sakowa."
Muka yi ta karɓa-karɓa, ba wanda ya tanka,
sauro na cin rabonsa,
har ladanin masallacin Gambo tela ya gyara murya,
har kifin ya nutsa, ya koma kai da komonsa
ko kallonmu bai yi ba.

Da hantsi, ina kishingiɗe, hannu ya ƙi ɗaguwa,
na jiyo ta ta katanga tana ce wa maƙwabciya:
"Ke dai bari, jiya ba mu runtsa ba,
kifinmu ne ba lafiya."