Layin Mai a Gawon Nama

Tun asuba nake layi a Gawon Nama,
Babur ya mutu, na turo shi daga Mabera,
Mai famfo ya ɗaga kafaɗa,
Wai tanka na hanya, yanzu babu mai.

Wani ya zagi wani, wani ya ɗauki dutse.
Sai na tuna Tunau, kakana, majemi,
Yana kankare fatar jar akuya,
Shi ya fara gaya mani sunan Hawai.

Ya ce, "Jikalle, tsibiri ne a tsakiyar teku,
Ban taɓa sa ƙafa can ba,
Amma shi ya fitar da ni daga Sakkwato,
Shi ya ci Labbo, abokina,
Zauna ka ji yadda aka yi, dalla-dalla, sarai.

"Japan ƙasa ce ƙarama mai babban ciki,
Ta faɗa gonar Sin tana ci ba bisimilla.
Amurka ta ce fita, ta ƙi,
Sai aka ƙulle mata famfon mai.

"Jirgin yaƙi ba ya cin ciyawa.
Suka leƙa tanki, suka ƙirga watanni,
Ga mai a kudu, ga roba, ga kuza,
Ga kuma jiragen Amurka kwance kamar karen gadi.
Suka ce a fara da kare, a fasa mai kai.

"Ranar Lahadi da sanyin safiya,
Wasu na barci, wasu na neman kalaci,
Jirage suka rufo kamar jan-baki kan gero.
Kafin hantsi ruwa na ci da wuta,
Fiye da mutum dubu biyu sun rasa rai.

"Sun zaci sun karya ƙafar giwa,
Ashe daga barci suka tada ta.
Wuta kuwa ba ta san iyakar gona ba,
Ta ci har Bama, gonar Ingila,
Sai ga shela a kasuwarmu: ana son mazaje, wai.

"Ni da Labbo ko gemu ba mu yi ba.
Mota zuwa Ƙaura, jirgin ƙasa zuwa Ikko,
Sai ruwa, ruwa, ruwa,
Har na manta kamannin tudu,
Labbo na amai, yana dariya, yana riƙe da kai.

"Bama ruwan sama ne da ba ya gajiya,
Matsattsaku a ƙafa, harsashi a ka,
Daji ya haɗe, ba ka ganin alƙibla.
A bakin Kaladan aka harbe shi.
Bargo muka yi masa likkafani.
Yaron da fitilar gidansu man gyaɗa take sha,
Me ya haɗa shi da rigimar mai?

"Na ga ɗan Japan kwance, bai fi ni shekaru ba,
Hoton tsohuwa a aljihunsa.
Na mayar masa da abinsa, na wuce.
Daga baya muka ji an jefa wa biranensu biyu
Wata wuta da ta fi rana,
Har jariri a goye ya biya bashin Hawai."

Ya dawo da lambar tagulla da tari.
Uwar Labbo, Ige, kowace Juma'a
Takan tsaya a bakin majema, ba ta tambaya,
Ta dube shi kurum, ta koma,
Shekara tara tana haka, har ta cika, ita kaɗai.

Ga tanka nan ta kunno daga shatale.
Mai dutse ya yar da dutsensa,
Ya ma taya ni tura babur.
Lita huɗu na samu.
Na shaƙi warinsa a hannuna,
Na daɗe ban tada inji ba,
Ana ta yi mani oda, ina tsaye dai.