Kaɗanyar da Na Sayar

Ranar Lahadi a Dabai, an tashi sujada,
amma ba wanda ya kama hanyar gida.
Muka taru a gindin ɗorawa
inda aka rataye tsohon wilin mota,
ƙararrawar da nake bugawa shekara goma sha tara.

Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi kamar gindin tukunya,
ya tsaya ya dube mu, ya bi iska.
Karo na huɗu ke nan cikin mako guda.

Dattijo Irimiya ya doka sandarsa a ƙasa:
"Ku daina firgita mutane da zancen rediyo.
Wanda ya kafa wa Nuhu bakan gizo
bai tsufa ba, bai yi gyangyaɗi ba.
Mun ga fari tun ba a haife ku ba,
mun ci tafasa ba gishiri, ga mu nan da ranmu."

Barnaba tela ya ce shi dai ƙarshen zamani yake gani,
wa zai yi yaɓen ɗaki alhali gobe za a tashi?
Da murmushi ya faɗa,
sai dai na ga yadda ya damƙe hannun ɗansa.

Sai Tabita, 'yata,
wadda ta dawo daga makarantar noma
da littafi cike da lissafin ruwan sama,
ta rusuna ta ce, "Baba, a gafarce ni.
Ubangiji ya yi alkawari, ban musa ba.
Mu fa, ina namu?
An ba Adamu gona ya kula da ita,
ba a ce ya ɗura ta a buhu ya kai bakin titi ba.
Ku ƙirga motocin gawayin da ke fita da dare."

Wuri ya yi tsit. Wata ta gyara goyo.
Ni kuwa na zuba wa takalmina ido,
don kaɗanya bakwai ubana ya bar mini,
yau saura biyu.
Biyar sun zama hayaƙi,
hayaƙin ya zama kuɗin makaranta,
kuɗin ya zama wannan murya
da ke tsaye tana yi mana hisabi.
Ko ta sani? Ban taɓa tambaya ba.

Bana sau biyu na shuka dawa.
Ta farko ta leƙo ta ƙone,
ta biyu tana nan, ganye a naɗe kamar mai jin kunya.
Bara kuwa ruwa ne ya zo a dare ɗaya
ya kwashe gero har da kunyar gona.

Da dare na durƙusa bayan rumbu.
Ban iya addu'ar masu ilimi ba, na ce:
Ya Uba, ina jin tsoro,
kuma an koya mini kada in ji.
Ga su nan duka biyun, tsoron da bangaskiyar,
tabarma ɗaya suke kwana a ƙirjina,
ka raba su in ka ga dama,
in ba ka raba ba, ka ba ni ƙarfin ɗaukarsu.

Ba a amsa da tsawa ba.
Kwaɗi ma ba su yi kuka ba.

Da asuba na iske Tabita a bayan coci
tana jera ƙwallon kaɗe cikin ledojin ruwa,
ɗari da wani abu.
Na ce, "Wannan itace sai ya shekara goma sha biyar bai yi 'ya'ya ba."
Ta ce, "Na sani, Baba."
Ta miƙo mini bokiti ba ta dube ni ba.

A bakin rijiya na tarar da Irimiya
yana jan guga, yana mita,
wai yaran yanzu ba su da ladabi,
wai kuma ta jera su kusa da juna da yawa.